Lallen Gwaggo da Rantsuwar Auta

Gwaggo ta rasu a ƙarshen bazara, da hantsi, a ɗakinta na gidanmu da ke Unguwar Gai. Mai abu ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Ina wurin aiki a Rano aka kira ni, ko da na iso har an kai ta, maza sun dawo suna wanke ƙafa a ƙofar gida.

Abin da na fi riƙewa a zaman makokin shi ne hannaye. Mata sun cika tsakar gida har gindin rumbu. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" a amsa mata, sannan a ɗaga hannu a yi addu'a. Ƙaramar Sallah ba ta daɗe da wucewa ba, don haka kusan kowane tafi da sauran ƙunshi a jikinsa, wani jawur, wani ya fara koɗewa. Ina zaune kusa da Inna ina bin tafukan nan da kallo. Na san gonar da lallen ya fito, su ma sun sani.

Kowa da abin da ta faɗa a kanta. Wata tsohuwa da suka yi maƙwabtaka a Tarai, lokacin da Gwaggo take gidan aure, ta ce, "Allah ya jiƙanta. Ba ta da mugunta ko kaɗan, sai dai baki." Wata kuma, mai sayar da daddawa, ta yi kuka sosai har ana ba ta haƙuri, tana cewa da ba don marigayiya ba da har yau tana zaune tana jiran abin da 'ya'ya za su aiko mata. Ta ukun kalma ɗaya ta faɗa a hankali, ta ce kafiya. Duk cikinsu ba wadda ta yi mata ƙarya.

A waje Baba ne ke karɓar gaisuwa, domin shi ne ƙaninta, kuma su biyu kaɗai suka rayu a ɗakin kakarmu. Maza ba su cika magana ba, sai addu'a da shafawa. Amma da za su tashi, a bakin zaure, ana ta jin tambaya ɗaya ƙasa-ƙasa: "To, lallen fa?" A cikin gida ma ita ce ke yawo. Ba wanda ya yi wa Baba ita a gabansa.

Dalili kuwa shi ne, kusan shekara ashirin da suka wuce Baba ya rantse da Allah a gaban mutane cewa duk ranar da gonar Gwaggo ta dawo hannunsa sai ya tumɓuke lallen da ke ciki, ko tushe ɗaya ba zai bari ba. Gwaggo ba ta bar miji ba, ba ta bar ɗa namiji ba, sai 'ya ɗaya, abokiyar wasana, wadda ke aure a Saji. Kowa ya san inda gonar za ta koma. Baba kuwa mutum ne da ba a taɓa jin ya faɗi magana ya janye ba.

Ina rubuta wannan ne don kada a bar ta da kalmar nan ɗaya, kafiya. Tana da ita, ban musa ba. Amma akwai sauran.

Yawancin shekarun Gwaggo a Tarai ta yi su, a cikin gida, tana soya gyaɗa tana matsar mai tana tuya ƙuli-ƙuli. Mu yara mun san ta ne da zuwan suna da biki, doguwar mace mai saurin tafiya, wadda ke kiran Baba da Auta ko a gaban wa. Yana da mata da 'ya'ya da furfura, ana zuwa neman shawararsa daga unguwanni, amma sai ka ji ta daga tsakar gida tana cewa, "Ina Autan yake?" Shi kuma ya amsa, "Ga ni, Yaya," fuska a ɗaure. Kowace kaka Baba yana ɗora damman dawa da gero a amalanke a kai mata Tarai, rabonta na gonar kakanmu. Bai taɓa fashi ba, ko shekarar da ba a samu ba.

Da mijinta ya rasu ta gama takaba, Baba ya je da kansa ya taho da ita. Ya gyara mata ɗakin kakarmu, ya sa aka yi sabon daɓe, ya ce ta zauna ta huta, cinta da suturarta a wuyansa. Ta zauna damina guda. Da kaka aka ware mata dammanta kamar kullum, aka jingine a bakin ɗakinta. Ina gida a lokacin, na zo wankan jego. Ta fito ta tsaya a kan dammunan ta daɗe, sannan ta ce a kira mata Auta.

"Auta, na gode, Allah ya saka da alheri. Amma na bana shi ne na ƙarshe. Ina so a yanka min nawa."

"Naki na me, Yaya?"

"Na gonar babanmu."

Baba ya dubi dammunan, ya dube ta. Ya ce, "An taɓa rage miki wani abu ne?"

"Ko zangarniya ba ka taɓa rage min ba."

"To me na yi miki da za ki kunyata ni a gari?"

Ga wanda bai san mu ba, maganar Baba za ta yi kama da neman faɗa. A wajenmu kowa ya san shari'a ta ba mace rabonta, ba mai gardama. Sai dai ba ta cewa a fitar mata. Tana barinsa a hannun ɗan'uwanta, yana nomawa yana aika mata, ita kuma ta san ƙofar gidan ubanta a buɗe take duk ranar da zama ya ƙi. Idan aka ji mace ta ce a yanka mata, fassara biyu ake yi: ko ɗan'uwan ya ci amanarta, ko sayarwa za ta yi. Ba wanda zai kawo ta uku a ransa. Baba ma bai kawo ba, shi ya sa da ta ce, "Noma nake so in yi," ya ɗauka baƙar magana ce.

"Noma? Da wane ƙarfin?"

"Da wanda ya rage."

Liman da mai unguwa sun yi ta zarya suna ba ta baki. Ta saurare su da ladabi, ta sa aka kawo musu fura, ta ce tana nan a kan bakanta. Da rani aka je da igiya aka auna, aka yanka mata gefen gabas, wajen da ƙasar ke da jigawa. Da damina ta sauka ita da kanta ta dasa gamba a kan iyaka. Baba ya daina zuwa zauren hira na wani lokaci, don gani yake kowa na kallonsa a matsayin wanda ya cinye wa 'yar'uwarsa gado. Ya ji ciwon abin ƙwarai, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Shekarar farko ba ta yi komai ba sai abin dariya. Ta sayar da tumakinta ta sayi irin lalle, ta jiƙa shi, ta yafa a wani ɗan fili a bayan rijiya, ta yi ta ban ruwa har ya ruɓe. Gonar ta wuce damina da 'yan kunyoyin wake, sauran duk ciyawa. Mata na yi da ita a bakin rijiya, maza na cewa dama sun faɗa. Ita kuwa ranar kasuwar Rano sai ta je ta zauna wurin wata mai sarin lalle, ta yi ta yi mata tambayoyi har matar ta gaji ta kwatanta mata garin da take sarowa. Gwaggo ta hau mota ta je, ta yi kwanaki a gidan mutanen da ba ta taɓa gani ba, tana taya su aiki tana kallo. Ta dawo da ƙafa a kumbure ta ce, "Ashe ruwa na cika masa. Shi ke nan fa."

A shekara ta biyu irin ya tsira. Da marka ta ɗauki 'yan ƙwadago aka yi dashe, layi-layi, tun daga gamba har bakin hanya. Baba bai san abin da take reno a bayan rijiya ba, ko kuwa ya sani ya ɗauka na shinge ne. Ya biyo ta gonar da safe, ranar kasuwar Kibiya, hanya cike da masu wucewa. Ya tsaya a kan iyaka.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Idonka ai da sauransa, Auta."

"Lalle? A gonar da babanmu ya ci da mu? Kika raba ni da ita don ki shuka kayan kwalliyar mata?"

"Matan ba mutane ba ne?"

Mutane sun fara tsayawa. Wani ya yi dariya, kuma ina jin dariyar nan ce ta ƙarasa Baba. Nan ya yi rantsuwar, da ƙarfi, har da ɗaga yatsa. Gwaggo ba ta ko miƙe daga sunkuyon da ta yi ba. Ta ce, "Sai ka jira in mutu ke nan. Ni dai ba sauri nake ba."

Daga baya na tambaye ta me ya sa lalle. Muna zaune a inuwar ɗakinta tana tankaɗe. Ta ce a takaba abin ya zo mata. Mai takaba ba ta ƙunshi, sai hannunta ya koɗe ya yi fari, ta zauna tana kallonsa wata da watanni ba abin yi. Ta ce, "Sai na ga hannun nan bai taɓa yin wani abu don ni na ga dama ba. Ina ƙarama babanmu yana ba ni kunya biyu a gefen gona, ina shuka abin da nake so. Ranar da aka kai ni ɗaki aka gama wannan. Ban taɓa daina tunawa ba, 'yar nan, shiru kawai na yi." Game da lalle kuma ta ce dawa kowa ya fi ta iyawa, amma lalle tun tana budurwa take saye, ta san mai kyau daga warinsa, ta san wanda aka cakuɗa da ganyen banza. Abin da ta sani take so ta shuka.

Lallen ya kama. Yadda ake yi shi ne a yanke shi da lauje a ƙasa-ƙasa, a bar kututture ya sake tofo, a shanya rassan a inuwa, a buge ganyen a zuba a buhu. Tushe ɗaya yana shekaru ana yanka. Ba zan ce ta yi arziki ba, don ba ta yi ba. Ta dai yi rufin kwano, ta mayar da tumakinta, kuma 'yan sari sun san ƙofar gidanmu. Wajen ciniki ba ta da daɗi ko kaɗan. Idan mai saye ya dunƙula ganyen ya yatsina fuska, sai ta karɓe buhunta ta ɗaure ta ce ya gaida gida.

Bakin nan da tsohuwar Tarai ta ambata gaskiya ne. Gwaggo ba ta iya yabo ba. Ka yi mata aiki tun safe har azahar, abin da za ka samu shi ne, "To, ba laifi." Ta taɓa korar 'yarta daga gona saboda ta yanka rassan sama-sama, ta ce ta koma Saji ta yi wa mijinta ɓarna. Da shanun wani Bafulatani maƙwabcinmu suka karya mata shinge suka tattaka layi biyu, har ruga ta bi shi, ta tsaya ta faɗa masa maganganun da sai da matarsa ta fito ta riƙe ta. Bayan mako guda kuma aka ga matar a ɗakin Gwaggo da ƙwaryar nono, ta fita da ƙullin lalle. Tun daga nan takin gonar daga rugar yake zuwa. Ba wanda ya ji an ba wani haƙuri.

Tana da wata kalma da duk unguwa ta haddace. Idan mace ta zauna tana cewa da ma ta iya kaza, da ma ta samu ta yi kaza, Gwaggo ba ta taya ta jimami. Sai ta dube ta ta ce, "Wa ya hana ki?" Ba da wasa take yi ba, amsa take jira. Idan kin ce Malam ne, ta ce kin tambaye shi? Idan kin ce jari, ta ce akuyar da ke ɗaure a gidanki ta waye? Mata da yawa sun daina zama kusa da ita saboda haka.

Ni ma ta yi min. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, na ce mata da ma na ƙarasa makaranta, da yanzu ina aikin asibiti, don tun ina yarinya nake sha'awarsa. Ta ce, "Wa ya hana ki?" Na fara lissafo mata yara da girki da shekaru. Ta bar ni na gama, ta ce, "Duk ban ji sunan mutum ba." Haushi ya kama ni, na yi wata biyu ban zo gida ba. A cikin wata biyun ne na yi wa maigidana maganar, ina jiran faɗa, sai ya ce shi bai taɓa sanin ina so ba. Na koma aji da yaran da na haife su a shekaru. Ranar da na fara aiki a ƙaramin asibiti na zo na nuna mata farar rigata. Ta juya ta gaba da baya ta ce, "Ba laifi. Za ta yi saurin datti."

Akwai abu ɗaya da take yi wanda ba ta so a ambata. Duk macen da za ta fita takaba a Unguwar Gai da kewaye, Gwaggo tana lissafe da ranar. Da safe za ta kwaɓa lalle daga na ajiyarta, wanda ba ta sayarwa, ta ɗauki ganyen ƙunshi da tsummoki ta tafi. Ita za ta zaunar da matar, ta ƙunsa mata hannu da ƙafa. Mai ƙunshi kuwa ba ta tashi, dole ta zauna har ya kama. A wannan zaman ne Gwaggo ke cewa, "To, an gama. Yanzu me za ki yi?" Wasu su yi kuka, wasu su ce sai abin da Allah ya yi, ta ce ta sani, amma ke me za ki yi? Mai daddawar da ta yi kuka a makoki a irin wannan zaman ta fara sana'arta. Akwai mai kiwon kaji, akwai wadda ta koma Islamiyya tana da jikoki har ta sauke. Akwai kuma waɗanda suka wanke lallen suka ci gaba da zamansu, kuma ba ta fasa gaishe su ba.

Tsakaninta da Baba ba a yi gaba ba. Gida ɗaya suke, kullum da safe zai tsaya a bakin ɗakinta ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" ta ce, "Lafiya lau, Auta." Iyakarta ke nan. Maganar gona ba ta sake haɗa su ba, kuma idan zai je tasa gonar sai ya zaga ta yamma don kada ya bi ta gaban lallen. Ita kuwa duk yankan farko na shekara sai ta daka ta tankaɗe ta cika ƙaramar ƙwarya, ta ba Inna ta ce, "Kai wa Auta, na gemu ne. Sunna ce, in ya manta." Baba ya ɗaga faifan ya duba ya mayar, ya ce Inna ta yi amfani da shi. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, ita ba ta fasa aikawa ba, shi bai taɓa shafawa ba.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta ƙone a tsaye. Lalle bai damu ba. Gwaggo ta sayar, ta sa aka auno dawa daga kasuwa aka shigar ɗakin Inna lokacin da Baba yake masallaci. Ya san rumbunsa, ya san abin da ke ciki, amma ya ci tuwon bai tambaya ba. Wata shekarar kuma lalle ya yi kwantai, buhuna suka cika ɗakinta har ba wurin shimfiɗa, 'yan sari ba su leƙo ba. A shekarar nan kwanon Gwaggo daga tukunyar Inna yake fitowa safe da dare, da nama a kai ranar kasuwa. Ita ma ta ci ba ta tambaya ba. Inna ce ta sha wahalar su biyun, ta ce ta gaji da zama 'yar aike tsakanin tsofaffi biyu da nono ɗaya ya raina.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Ƙafa ce ta fara kumbura, sai numfashi. Da na ga yadda jikin yake, na zauna a bakin gadonta na ce ko in roƙi Baba a kan gonar. Ta ce, "Kul. Rantsuwarsa ce, tsakaninsa da Ubangijinsa." Na ce to wahalar da ta sha fa, duk ta tafi a banza? Ta ce, "Wace banza? Ai na yi. Ko ya tuge, na riga na yi." Ta juya ta fuskanci bango. Ni dai maganar ba ta sanyaya min rai ba, don ina son gonar nan ta tsaya.

Bayan sadakar arba'in liman ya zo aka yi rabo. Rabin gonar na 'yarta, rabi na Baba. Na sa rai abokiyar wasana za ta ce a yanka mata nata, ko rabin lallen ya tsira. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ka riƙe duka a hannunka, duk yadda ka yi daidai ne." Na bi ta ɗaki na ce, ke yanzu 'yar Gwaggo ce ke? Ta ce, "Ke da kike da bakin, je ki faɗa wa ubanki. Ni ina da inda zan dawo in Saji ta ƙi ni, ba zan toshe ba."

A lokacin damina ta zauna, kowa ya yi shuka har an fara noman farko. Lallen ya yi ganye shar, ya isa yanka, ba mai yanka. Idan za a tuge shi a sa wake, to lokacin ke nan. Masu wucewa kasuwa suna rage tafiya in sun zo wajen.

Ran nan da yamma Inna ta kira ni ta ce, "Babanki ya ce gobe zai shiga gonar Gwaggo." Na tambaye ta me zai yi, ta ce bai faɗa mata ba, cewa kawai ya yi a fito da dawa a kai niƙa.

Na iso da hantsi. Tun daga zaure na ji ƙamshin miya, na shiga na tarar da babbar tukunyar biki a kan murhu, Inna da matan ƙannena suna tuƙi. A gidan manomi ba a ɗora wannan tukunyar da damina sai in an tara masu aikin gayya, kuma tuge tushen da ya shekara ashirin a ƙasa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Inna ta miƙo min mara ta ce in taya su kwashewa. Na ce hannuna ba zai taɓa tuwon nan ba. Ta dube ni ta ce, "Ke ma kin ɗauko halin," ta ci gaba da aikinta.

Na zauna a bakin ɗakin Gwaggo ina kallo, raina a ɓace. Aka jera kwanuka goma, aka zuba miya da nama. Sai na ji Inna tana faɗa wa matan inda za a kai: wannan gidan makahon bakin masallaci, wannan ɗakin tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi kudu, wannan gidan marayun bayan rijiya. Ko ɗaya ba ta ce a kai gona ba. Na ce, "Inna, ba an riga an yi sadaka ba?" Ta ce in je in tambayi mai tuwon.

Na tafi gonar. Ba masu gayya, ba gatari, ba shanun huɗa. Baba ne kaɗai a layin farko daga gamba, ya tattare rigarsa, yana sunkuye da lauje. Laujen Gwaggo ne, na san shi da tsumman da ta naɗe a ƙotar. Ya yanka tushe kaɗan, ya tara rassan a gefe.

Na gaishe shi ya amsa bai ɗago ba. Na ce, "Baba, tuwon da ake rabawa a gida, sadakar mece ce?"

"Ba sadaka ba ce."

Na ce, "To mece ce?"

"Kaffara ce," in ji shi. "Na so in yi azumi, ba wanda zai sani. Liman ya ce azumi na wanda ba shi da hali ne, mai rumbu sai ya ciyar. To ga shi, gari duk ya ji."

Hawaye ya zubo min, na goge da mayafi. Shi kuwa ya matsa tushe na gaba, ya buɗa rassan da hannu yana duba kututturen. Tabon yankan Gwaggo yana nan a jiki, na bara a kan na bariya, duk a wuri ɗaya. Ya ɗora bakin laujen daidai wurin.

"Nan take yankewa, ko?"

Na ce, "Nan ne."

Ya yanka. Sannan ya ɗago ya dube ni, gemun nan fari fat, ya ce, "Kada ki ɗauka zan shafa."

Na ce ban ɗauka ba.

"Allah ya jiƙan Yaya," ya ce. "Kwashe waɗannan ki kai inuwa, ba ta son rana ta taɓa su."

Allah ya gafarta mata, ya haskaka makwancinta, ya sa ta huta hutun da ta ƙi yi a duniya. Na tattara rassan na kai gindin ɗorawa, na dawo na bi bayansa.